Ƙwanƙwasa a Motar Likita

Shekara ashirin da tara Baba Direba ya yi yana tuƙa mutanen gidan Likita, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Ba da furfura ya shigo gidan ba. Ya zo ne yana saurayi siriri, wuya kamar na zalɓe, da sabon lasisi a aljihun gaba yana ta shafa shi kada ya faɗi. Likita, wanda likitan haƙori ne mai ƙarancin magana, ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa makulli ya ce, “Fito da ita ka mayar.” Gidan a kan gangare yake, daga rumfar mota har bakin ƙofa ƙasa ake yi, ga wata lanƙwasa a tsakiya inda bishiyar lemo take. Ya fito da motar da baya, ya mayar, ko ganye bai taɓa ba. Likita ya ce, “Akwai ɗakuna biyu a baya. Ka share su.” Takardar ɗaukarsa aiki ke nan, babu wata.

A ɗakunan nan biyu ya kawo amaryarsa, wata mai ɗinki da yake tsokana da sunan Tela, mace mai baki kamar almakashinta. A nan aka haifi 'ya'yansu mata uku, a nan suka girma, daga nan kowace ta tafi gidan mijinta. Motoci huɗu ya tuƙa a gidan. Ta ƙarshen, wata doguwa mai ruwan toka, ita Likita ya saya kafin ciwo ya kwantar da shi, kuma a kujerarta ta baya Baba Direba ya kai shi asibiti, tafiyar da bai dawo ba.

Bayan rasuwar, matarsa Hajiya ta ci gaba da zama a ciki, amma gida ya koma hannun babban ɗa, wanda kowa ke kira Injiniya. In kun ga Injiniya yanzu, da tumbi da waya biyu a hannu, ba za ku ce shi ne yaron da kullum sai ya yi amai a hanyar makaranta ba. Baba Direba ne ke tsayawa a gefen titi ya goge masa baki da hankicinsa, shi ne kuma ya koya masa tuƙi daga baya. Har yau “Baba” yake ce masa, sai dai Baban ya zama irin wanda ake ce wa mai gyaran famfo in an manta sunansa.

Wata safiya Injiniya ya same shi tsugune yana wanke taya. Bai ko cire tabarau ba ya ce, “Baba, Hajiya ba ta zuwa ko'ina yanzu sai asibiti, shi ma sau ɗaya a wata. Matata za ta riƙa kai ta. Motar nan sayar da ita za mu yi. Ran da ta fita kai ma sai ka huta, ai ka yi ƙoƙari. Ɗakunan baya kuma akwai abin da nake son yi da su.”

Baba Direba ya ce, “To.” Ya ci gaba da wanke tayar da ya riga ya wanke.

Mai saye ya zo ran Litinin, wani malamin sakandare mai sanyin murya. Ya shiga ya tuƙa, Injiniya na gefensa. Lafiya lau suka bi kwalta, amma da suka karya kwana suka hau titin bayan kasuwa mai ramuka, sai wani abu ya fara daga ƙasa: ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas, kamar baƙo mai kunya yana buga ƙofa. Da suka dawo malamin ya ce, “Motar ta kwanta mini a rai, amma ni mai iyali ne, ba na sayen abin da ban san ciwonsa ba. A kashe ƙarar nan, ran Asabar in zo in ɗauka. In ta ƙi, sai in duba wata.”

Aka ce Baba Direba ya kai ta wurin bakanike. Ya kai ta garejin tsohon abokinsa, wanda ake kira Mai Sifana, ya ɗauko shi suka bi titin bayan kasuwar har sau uku. Shiru. Ko tari motar ba ta yi ba. Duk da haka Mai Sifana ya hau da ita kan rami, ya girgiza shokozoba, ya bubbuga salansa, ya fitar da safaya da jak daga but, ya ɗaɗɗaure duk abin da sifana ta kama. Ya fito yana goge hannu ya ce, “Wallahi ta fi ni lafiya. Ni ne ma nake ƙara in na tsuguna.”

Da yamma Injiniya ya karɓi makulli ya zaga da ita. Ƙwas, ƙwas-ƙwas. Washegari ya kira nasa bakaniken, mai na'ura a jaka, aka canza robobin ƙasa, aka sake gwadawa, ƙara tana nan daram. Sai Injiniya ya ce Baba Direba ya tuƙa shi kuma ya zauna a gefe. Suka bi titin nan daga farko har ƙarshe, kowane rami suka faɗa, mota ta yi tsit. Suka canza wuri, Injiniya ya kama sitiyari, rami na farko ta amsa.

A barandar gida aka yi maganar, gaban Hajiya da matar Injiniya.

“Ikon Allah,” in ji Injiniya, yana kaɗa makulli a yatsa. “In kai ne a kai, shiru. In mu ne, ganga. Baba, me ka sa mata?”

“Ni? Me zan sa mata, Injiniya?”

“Ni zan sani? Akwai abin da kake saki in an zo gani, ka kama in kai ne za ka tuƙa, don kada a saya. Ban zaci haka daga gare ka ba, da girmanka da furfurarka. In ɗakunan ne ba ka son bari, ai sai ka faɗa, ba sai ka yi mana wayo ba.”

Baba Direba ya dubi Hajiya. Matar nan shi ya kai ta asibiti haihuwar 'ya'yanta uku na ƙarshe, shi ya riƙe mata ƙofa ranar da ta fito ba miji. Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Injiniya ya wurgo masa makulli ya ce, “Kana da daga yau zuwa Asabar. Abin da ka ƙulla ka kwance.”

Ya koma baya ya zauna a bakin gado, takalmi a ƙafa. Tela ta tsayar da keken ɗinki ta juyo.

“Malam, wa ya mutu?”

Ya faɗa mata. Ta sa ya maimaita, kalma kalma. Sannan ta miƙe ta yafa gyale.

“Wayo? Kai? Mutumin da in ya ɓoye mini tsaraba sai fuskarsa ta tona shi tun daga ƙofa? Tashi mu je. Shekara ashirin da takwas ina bayan gidan nan ban taɓa zama a gaban motarsu ba, yau zan zauna.”

“Bakanike biyu sun kasa, ke ce za ki iya?”

“Bakanike kunnensa cike yake da baƙin mai. Ni in allura ta kusa karyewa tun kafin ta karye nake ji. Tashi.”

Suka fita da la'asar, gilasai a rufe, rediyo a kashe. Suka bi titin bayan kasuwa, suka dawo, suka sake komawa. Tela ta kasa kunne har da lumshe ido. Babu komai.

“Ashe haka gaban yake,” ta ce. “Ba abin da ya fi baya sai rana. Kai, ranar nan za ta tsiyaye mini ido, ba a kare ta ne?”

Ya miƙa hannun dama ya sauke mata abin kare rana. Daidai nan taya ta faɗa rami. Ƙwas-ƙwas.

Ya mayar da hannu, suka faɗa wani ramin da ya fi na farko zurfi. Shiru.

“Ɗaga hannunka,” in ji Tela.

“Wane hannu?”

“Nawa gare ka? Wanda ka kwantar a kan sandar nan kamar mai lallashin jariri.”

Ya duba. Hannunsa na dama yana kwance a kan sandar birkin hannu. Ya ɗaga shi. Ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas. Ya mayar, ƙara ta ɗauke kamar an toshe mata baki. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya daɗe yana kallon hannun nan kamar na wani ne aka ba shi aro.

Ai dalilin ba ɓoyayye ba ne, shi ne dai bai taɓa lura ba. Motar Likita ta farko birkinta na ƙafa ba shi da amana, ga gida a kan gangare, ga yara a baya, sai ya saba ajiye hannu a kan na hannu saboda ko ta kwana. An sayar da waccan motar tun Injiniya na gajeren wando, amma hannun bai samu labari ba. Wannan kuwa mai canza giya da kanta ce, hannun dama ba shi da wani aiki, sai ya yi zamansa a inda ya saba. Nauyinsa ne yake danne abin da ke bugawa.

“To ga ɓarawon,” in ji Tela. “Tare muke kwana da shi.”

Washegari da hantsi ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfa ya fito da 'yar jakar kayan aikinsa. Sandar birkin hannu a fili take, amma gindinta yana ɓoye a ƙarƙashin doguwar akwatin roba da ke tsakanin kujerun gaba, kuma wanda ya haɗa akwatin nan bai yi nufin wani ya sake buɗe ta ba. Ya tura kujeru biyun baya har ƙarshe. Ya buɗe murfin akwatin ya kwashe tarkace, ya ɗaga ɗan ƙyallen da ke shimfiɗe a ƙasanta, sai ga sukurori biyu. Ya zaro mazubin tokar taba na baya, ga na uku a bayansa. Robar da ta zagaye giya kuwa ba sukuru gare ta ba, wasu 'yan haƙoran roba ne suka riƙe ta, waɗanda in ka matsa musu da ƙarfi sai su karye. Ya naɗe bakin sukurudireba da guntun yadi daga kwandon Tela don kada ya karce motar mutane, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallaɓawa har suka saki. Ya cire wayar da ke bayan wurin cajin waya. Kowane sukuru ya fitar sai ya jera shi a murfin gwangwanin maɓallai, bi da bi, yadda zai mayar.

Ya ja birkin hannu sama har ƙarshe, ya tuɓe rigar fatar da ke jikin sandar kamar mai cire safa, ya kama akwatin daga baya ya ɗaga. Ta ƙi. Ya sake ɗagawa, ta yi wani kuka kamar za ta tsage, ya yi maza ya saki. Rabin sa'a ya yi yana lalube da yatsa, gwiwoyinsa a kan siminti, gumi na shiga masa ido, kafin ya gano sukuru na ƙarshe a ɓoye ƙarƙashin gefen kafet, dab da ƙarfen da kujera ke tafiya a kai. Da ya fitar da shi, akwatin ta taso salin alin, ya karkata ta ya zare ta ta kan sandar ya ajiye a kujerar baya.

Ga ƙarfe tsirara, da ƙurar shekaru, da wani biro da ya ɓace tun Likita na da rai. Gindin sandar faranti ne na ƙarfe, ƙusoshi uku masu zare suka ɗaure shi da ƙasan mota. Ɗaya ta fita gaba ɗaya tana kwance a gefe. Ta biyu da yatsa ya juya ta. Ta uku kaɗai ke riƙe. Ya kama sandar ya girgiza, farantin ya bugi ƙasa: ƙwas. Muryar da ta sa aka kira shi mai wayo ke nan.

Amma da ya leƙa baya kaɗan sai ya ga abin da ya fi wannan. Akwai siririn ƙarfe da ke jan wayar birki zuwa tayoyin baya, noti ɗaya ke riƙe da shi a ƙarshe. Girgizar ta warware notin har ya zo bakin ƙarfen, zare biyu kawai suka rage. Ran da ya faɗi, mutum zai ja birkin hannu ya ji ya tashi, ya fita ya rufe ƙofa, mota kuma ta bi gangare ita kaɗai.

Tela ta zo da kofin shayi ta tsaya a kansa. Ya nuna mata duka biyun. Ta duba, sannan ta waiga wajen babban gida, ta rage murya.

“Wannan na bayan shi ne mai kisa?”

“Shi ne.”

“Wannan na gaban kuma surutu kawai yake yi?”

“In ta ukun na nan, zai daɗe yana yi.”

“To ka ɗaure mai kisan ka bar mai surutun. Wa aka cuta? Malamin ya je ya nemi wata, motoci sun cika gari. Mu kuma mu ƙara ko shekara guda ce.”

“Tela.”

“Kada ka ce mini Tela. Ina za mu? Gidan surukai? Ka zauna a falon mijin 'yarka kana jira a ce maka ga abinci, Baba? Wa zai ɗauki direba mai shekarunka? An riga an ce ka yi, a gaban matar da ko tari ba ta yi don kai ba. Tunda an ba ka sunan, ai gara ka ci moriyarsa.”

Ta ajiye shayin a kan buhu ta koma.

Ya ɗaure notin baya har birki ya riƙa kamawa a ƙara ta biyar, ya nemo wani notin a jakarsa ya ƙara a kai don ya kulle na farkon. Sannan ya ɗauki ƙusar da ta fita ya riƙe a tafin hannu. Ba zan ɓoye muku ba, a aljihu ya sa ta. Ya ɗauko akwatin ya zura ta ta kan sandar, ya zaunar da ita, ya ɗaura sukuru ɗaya, ya ɗaura na biyu. A na ukun ne hannunsa ya tsaya. Shayi ya huce a gefensa, ƙuda ya faɗa ciki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, jiya yaron nan ya kira shi mai wayo, kuma ƙarya ce. In ya rufe akwatin nan a haka, gobe maganar ta zama gaskiya, yaron ma ba zai san ya yi daidai ba, shi kaɗai zai sani, kullum ya shiga motar ya ɗora hannu ya danne.

Ya kwance sukurorin biyu, ya sake zare akwatin, ya fito da ƙusar daga aljihu ya mayar da ita raminta. Ya ɗaure ukun duka har sifana ta ƙi motsi. Ya girgiza sandar da hannu biyu. Kamar an dasa ta.

Kafin ya rufe, ya so a gani. Ya wanke hannu ya je baranda ya tarar da Injiniya yana danna waya.

“Injiniya, zo ka ga abin da idonka.”

“An samu?”

“An samu. Gindin birkin hannu ne ya saki. Abin da ya sa ba ta yi in ni ne, hannuna ne da nake ɗorawa, ban ma san ina yi ba. Akwai kuma wani noti a baya da ya kusa…”

“To madalla. Rufe, rufe, kada ƙura ta shiga.” Ya riga ya kai waya kunne. “Malam, barka da rana. Ran Asabar ka zo da shirinka.”

Baba Direba ya ɗan tsaya, ko akwai saura. Babu saura. Ya koma ya mayar da komai mazauninsa, ya goge sawun yatsunsa daga robar. Da ya shiga ɗaki Tela ba ta ɗago daga ɗinki ba.

“Ka ɗaure?”

“Na ɗaure.”

“Duka?”

“Duka.”

“Allah ya ba ka lada,” ta ce, “tunda shi kaɗai ya rage mai ba ka wani abu.”

Ran Asabar malamin ya zo. Suka bi titin bayan kasuwa shi da Injiniya, suka dawo yana ta murmushi. Ya ce, “Lallai sunan Injiniya bai faɗi a banza ba. Me ya same ta?”

“Ɗan abu ne a birkin hannu,” in ji Injiniya. “Mun gano shi.”

Suka shiga ciki suka gama abin da za su gama, suka fito. Malamin ya zauna, ya jawo kujera gaba daidai tsawonsa. Injiniya ya waiga ya ce, “Baba, buɗe masa ƙofa.”

Ya sauka gangaren ya buɗe ƙyauren biyu. Motar ta biyo shi a hankali ta wuce bishiyar lemo, sai malamin ya tsaya a tsakiyar gangaren don ya gyara madubi. Baba Direba ya ji an ja birkin hannu, ya ƙirga a ransa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta tsaya cak, ko motsi. Malamin ya gama, ya saki, ya ɗaga masa hannu irin yadda ake ɗaga wa maigadi, ya hau titi.

Yana rufe ƙofa Injiniya ya ɗaga murya daga baranda. “Baba, masu aiki za su zo ƙarshen wata, a fara fasa bangon baya. Ka gaya wa Inna ta fara kintsawa.”

Inna, wato Tela, ba ta jira an gaya mata ba. Ya tarar ta sauke labule, ta tara tukwane a bakin ƙofa, ta jingine katifa da bango. Tana tsaye a kan gadon ƙarfensu, hannu a ƙugu.

“Gadon nan a cikin ɗaki aka haɗa shi, ba zai fita ta ƙofa ba,” ta ce. “Na gwada notocin, duk sun yi tsatsa. Tunda ka iya ɗaure na mutane, zo ka kwance namu.”

Ya ɗauko sifana ya durƙusa a gindin gadon, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kama noti na farko ya danna da dukan ƙarfinsa, bai motsa ba.

“Riƙe mini can gefen,” ya ce.

Ta riƙe.